Kambas irin na 'yan ƙwallon kwando na da: wanne zan saya na yawon yau da kullum?

Wani ƙanina ɗan jami'a ne ya turo min tambaya, ya ce ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya sayi kambas irin na 'yan ƙwallon kwando na da ɗin nan da ake yayi, amma ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin Air Force 1, Jordan 1, Dunk da Jordan 4. Ba wasa zai yi da shi ba, zuwa lakca ne da ɗan yawon gari, yana son wanda ba zai gajiyar masa da ƙafa ba, zai shiga da kaya, kuma ya kai shi shekara biyu ko uku bai mutu ba.

To ƙanena, na daɗe ina harkar kambas, sabo da gwanjo duk na sayar, kafin nan ma na ɗan taɓa ƙwallon kwandon a sakandare (tsawo ne ya ci amanata), don haka bari in gaya maka abin da mai shago ba zai so ya faɗa maka ba kafin ka biya. Duk takalman nan da ka lissafo tsofaffin ƙira ne. Air Force 1 a 1982 ya fito, Jordan 1 da Dunk duk a 1985, Jordan 4 a 1989. Abin da kamfani ke yi yanzu shi ne ya sake ɗinka su a kan tsohon fasalin nan, ya canza kala, ya ɗora kuɗi. Ka ga kenan in laushi kake nema irin wanda za ka ji kamar kana taka katifa, ba nan za ka same shi ba, sai dai ka nemi kambas ɗin gudu na zamani. Waɗannan ana sayensu ne don kyan gani, wasunsu kuma don ƙarko, amma fa ba dukansu ba, kuma a nan ne yara da yawa ke asarar kuɗinsu.

Ni in aka kawo min takalmi, kafin in kalli sama sai na kifa shi na duba ƙasa, don sol shi ne ran takalmi. Air Force 1, Jordan 1, Dunk, Adidas Forum, Superstar, New Balance 550, duk waɗannan sol ɗinsu roba ce mai tauri da aka yi ta kamar kwano, aka zaunar da fatar a ciki, aka sa gam, yawancinsu kuma aka bi gefen da ɗinki zagaye. Duba gefen Air Force ɗin abokinka za ka ga layin zaren. Wannan ɗinkin shi ne sirrin, ko zafin kwalta ya sa gam ya saki, zaren na riƙe da shi, in ma zaren ya tsinke duk wani mai gyaran takalmi na bakin titi zai mayar maka da shi cikin minti ashirin. Irin wannan sol ɗin ba ya mutuwa farat ɗaya, cinyewa yake a hankali daga dunduniya, kana gani kana shiri.

Jordan 3, 4, 5 da 6 kuwa labarinsu daban. Daga 1988 da Tinker Hatfield ya zana Jordan 3, aka koma sa wani irin soso mai nauyi a tsakanin roba da fata, ana ce masa PU, da 'yar tagar nan da kake hango iskar ciki ta dunduniya. Da sabonsa ya fi na roba zalla ɗan taushi, ba musu. Matsalarsa ita ce soson nan yana shan danshin da ke cikin iska, a hankali danshin na warware shi daga ciki, zafi kuma na ƙara masa gudu, sai wata rana kawai ya fara zuba kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Abin haushin ma, wanda aka ajiye a kwali ba a sawa ya fi saurin lalacewa a kan wanda ake takawa lokaci-lokaci. Ba ya gyaruwa da gam, sai dai a cire soson gaba ɗaya a sa wani, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya wannan aikin ba.

Ni kaina ta taɓa ci na. Farkon shigata harkar, aka fasa dila na tsinci wani kambas mai irin wannan soson, fes da shi, ko ƙasan bai taɓa ganin ƙasa ba, na ce wannan ba na sayarwa ba ne, na sallata ne. Ranar idi na saka shi da farar shadda, ina tafe ina jin kaina. Kafin mu isa filin na ji ƙafar dama tana ɗan karkacewa, na waiga sai ga wani gari-gari fari yana bina a baya, ana idar da salla na ɗaga takalmin, ƙasan ya rabu da saman, robar na lilo kamar harshen saniya. Da silifas ɗin aro na koma gida. Laifina ne, takalmin ya fi shekara goma a ajiye ban duba ba. Tun daga ranar in zan ɗauki gwanjo sai na leƙa 'yar takardar sayiz da ke ciki, Nike suna buga kwanan watan da aka ɗinka takalmin a jiki, sannan in danna soson da babban yatsa. In ya lotsa bai dawo ba, ko ka ji yana ɗan danƙo, ko fentin jikinsa ya yi tsaga-tsaga, ajiye musu kayansu ko da kyauta ne.

Don haka Jordan 4 ɗin da ka ambata, kyakkyawa ne, ban ƙi ba, amma ba shi zan ba ɗalibi mai takalmi ɗaya ba. Ga soson nan, ga fentin gefensa da ke ɓarewa, ga ragar jikinsa da ƙurar hunturu ke shigewa ta zauna, sannan da yawa daga masu faɗin ƙafa suna kukan yana cizon ƙaramin yatsa. Na mai takalma biyar ne da zai sa shi ranar Juma'a ya mayar.

Yanzu maganar daɗin sawa. Air Force 1 shi ne takalmin ƙwallon kwando na farko da Nike suka sa wa iska a ciki, Bruce Kilgore ne ya zana shi, iskar na ɓoye a dunduniya ba ka ganinta. Sol ɗinsa kauri ne da shi, tsakuwa ba ta sukar ka ta ƙasa, kuma yana ɗan ƙara maka tsawo. Gabansa na da faɗi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne gare mu, don yawancinmu da silifas muka tashi, yatsunmu a baje suke, ba irin ƙafar da ta girma a matse cikin sau-ciki ba. Aibinsa nauyi. In za ka wuni kana zagaye daga wannan aji zuwa wancan, satin farko za ka ji kamar ka ɗaura bulo, daga baya ƙafa ta saba. Kuma yana da yalwa, mai sa 43 sau da yawa 42 da rabi ko 42 ke masa daidai.

Jordan 1 ya fi shi sauƙi a ƙafa, sol ɗin siriri ne, kana jin ƙasa sosai, akwai 'yar iska a dunduniya amma kar ka sa rai za ka ji ta. Dunk kuwa ko iskar babu, ɗan soso ne kawai a cikin robar. Mutum ɗaya ne ya zana su biyun, Peter Moore, shi ya sa in ka jera su kamar wa da ƙani. Asali an yi Dunk ne don ƙungiyoyin jami'o'in Amurka, kowace makaranta da kalarta, abin da ya sa har yau kake ganinsa kala biyu-biyu kenan. In ka samu wanda aka rubuta SB a harshensa, wannan na 'yan wasan allo mai taya ne da aka fara a 2002, harshen ya fi kauri, shimfiɗar ciki ma ta fi laushi, ya fi Dunk na gama-gari daɗin yawo nesa ba kusa ba, sai dai ya fi matsewa kuma ya fi zafi.

Amma bari in ba ka wata dabara da ta fi duk wannan surutun amfani. Kusan dukansu, shimfiɗar ciki da suke zuwa da ita ba ta da wani kirki, siririn soso ne da zai lafe cikin wata biyu. Cire ta ka sayi mai kauri ka sa, kuɗinta bai kai na cin abincin rana biyu ba, takalmin zai koma wani abu daban. Sai dai ka tuna da hakan wurin zaɓar sayiz, ka bar mata wuri. Kuma kar ka je gwaji da sassafe, je da yamma bayan ka sha yawo ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da irin safar da za ka riƙa sawa, ka gwada ƙafa biyun, ka tashi ka taka. Duk mai shagon da ya ce maka "zai buɗe" ƙarya ce rabi gaskiya rabi, fata na buɗewa ta faɗi kaɗan, ba ta taɓa ƙara tsawo.

Ba ka tambaye ni Converse ba amma sai na sako shi, don shi ne kakansu, tun 1917 ake yin All Star, kuma sunan yadin da ake ɗinka irinsa ne ma ya zama sunan da muke kiran duk takalman nan, kambas. A bazara babu kamarsa, iska na shiga, ba nauyi, ka wanke da safe ya bushe kafin azahar. Amma ƙasansa shafal yake, in kana da ciwon dunduniya ko tafin ƙafarka a shimfiɗe yake za ka gane kurenka, yadin kuma na ɓulewa ta wurin ƙaramin yatsa, robar gefe na tsagewa daidai inda ƙafa ke lanƙwasa. Samfurinsa da ake kira Chuck 70 ya fi na gama-gari kaurin yadi da laushin ciki. Da damina kam ka manta da shi.

Sai maganar mai dogon wuya da gajere, wanda ni a wurina ita ce ta fi kowacce muhimmanci a garinmu, kuma babu Baturen da zai faɗa maka ita a intanet. Sau nawa kake cire takalmi a rana? Salla kaɗai lissafa, ga alwala, ga shiga ɗakin Hajiya gaisuwa, ga zaman tabarma a majalisa. Jordan 1 mai dogon wuya a hoto ba a magana, shi ne wanda Michael Jordan ya sa, dala 65 aka sayar da shi a 1985, amma ranar da aka tayar da iƙama kana durƙushe a ƙofar masallaci kana fama da igiya mutane na tsallake ka, za ka tuna da maganata. Abin da yara ke yi daga nan sai su daina kwance igiyar, su riƙa cusa ƙafa da ƙarfi, ko su take bayan takalmin su mayar da shi silifas daga wurin alwala zuwa sahu. Akwai wani ɗan tauri a cikin bayan takalmi da ke riƙe dunduniya, da zarar ka karya shi shikenan, takalmin ya zama kwale-kwale, ba mai gyara maka shi ya koma daidai. Na ga orijina masu tsada da suka mutu a wata shida ta wannan hanyar, sol ɗinsu ko gezau bai yi ba. Ɗauki gajere, ka sassauta igiyar daidai yadda ƙafa za ta shiga da taimakon yatsa ɗaya. Kuma don Allah ka bari ƙafa ta tsane kafin ka mayar da safa, rabin warin kambas daga nan yake. Maganar inda za ka ajiye shi a masallacin Juma'a kuwa, ka dai riƙe leda a aljihu.

Kala da irin fata ma sai ka yi la'akari da inda kake. Farin Air Force tas ɗin nan shi ne sarki wurin shiga da kaya, jins, wandon chinos, gajeren wando, duk yana ɗauka, kuma da yake fatar mai santsi ce tsumma mai danshi ya ishe ta. Amma fari a Kano aiki ne, kullum sai ka goge, in ka yi sakaci sati biyu jar ƙasa ta kama zaren ɗinkin da gefen robar, ba ta fita duka. In ka san kai ba mai goge-goge ba ne nemi wanda ƙasansa ke da kalar ƙaro ko baƙi, ko Dunk mai duhun kala. Fata mai gashi-gashi irin ta Puma Clyde, wanda aka yi wa Walt Frazier na New York Knicks a 1973, tana da kyau da taushi tun ranar farko, amma ita da ƙurar hunturu da ruwan kwata ba sa ga maciji, kuma in shushaina ya kuskura ya shafa mata foliish ta tashi aiki. Jordan 11 mai ƙyalli da ƙasa garai-garai kamar ƙanƙara, ƙasan nan rawaya yake komawa, ko ka sa ko ba ka sa ba.

In kana hawa babur ga wani abu, giya na cin saman yatsun ƙafar hagu, duk kambas ɗin ɗan acaɓa ka duba za ka ga tabon a nan. Adidas Superstar shi ne maganin wannan, don gabansa roba ce mai kama da ƙwaryar kunkuru, tun wajen 1970 aka yi ta don ta kare yatsun 'yan wasa, su Kareem Abdul-Jabbar duk sun sa shi. Ba ya yin tattarar nan ta gaba da ke damun masu Air Force. Ita tattarar ma ni ban ga abin tashin hankali a ciki ba, ina ganin yara na tafiya kamar agwagwa wai kar takalmi ya lanƙwashe, wasu har roba suke cusawa a ciki tana gurje musu yatsu. Fata ce, dole ta tattare.

Da manyan kaya fa? Ra'ayina ne, wani zai ƙi. Gajeren farin kambas marar hayaniya yana shiga da yadi ɗinkin zamani mai ɗan tsukakken wando da ya tsaya a idon sawu, na gani ya yi kyau. Amma shadda mai aiki da hula zanna, ka sa mata Jordan ja da baƙi mai dogon wuya, wando ya tattare a kai, wallahi kamar an haɗa tuwo da ayis kirim. New Balance 550, wanda ya fito a 1989 aka manta da shi sai a 2020 aka tono shi, yana da wannan natsuwar ta shiga da yadi, sai dai da tauri yake zuwa, sai ka yi haƙuri da shi sati biyu.

To sai babbar magana, orijina da kwafi. Sabon Air Force 1 a can Amurka ya haura dala 100, kai ka buga lissafi da canjin yau, ka ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Duk wanda ya miƙo maka sabo dal a kwali a kan kwatan wannan kuɗin yana rantsuwa orijina ne, ka san me ka saya. Ni ba na zagin mai sayen kwafi, kowa da ƙarfinsa, abin da na ƙi shi ne a sayar maka da kwafi a kuɗin orijina. Kwafin ma hawa-hawa ne, akwai wanda ɗinkin gefen nan zane ne kawai aka yi a jikin roba ba zare ba ne, sa farce ka ji. Cire shimfiɗar ciki ka danna, na banza za ka ji ramuka-ramuka a ƙarƙashi, shi ne wanda dunduniya ke burmawa bayan wata uku. Saman kuma leda ce aka shafa wa yadi, rana na dukanta ta fara ɓarewa kamar fatar maciji. Gaskiya ko orijinan ma na gama-gari fatarsu an shafe ta da wani rufi, ba irin fatar da dukawanmu ke jima ba ce, amma tana tattarewa ne, ba ta saɓulewa.

Shi ya sa ga mai kuɗi daidai misali nake cewa gwanjo mai kyau ya fi sabon kwafi. Ka shiga Ƙofar Wambai da wuri ranar da aka fasa dila, ka nemi mai sol ɗin roba, ka duba dunduniya ba ta cinye ta gefe ɗaya ba, ka matsa bayan ka ji da ƙarfinsa, ka leƙa ciki yadin dunduniya bai ɓule ba. Datti ba komai ba ne, yana fita. Kuma kar tsada ta ruɗe ka ka ɗauka ita ce inganci, yawancin kuɗin suna kake biya da ƙarancin kalar. Hakeem Olajuwon ɗan Legas, lokacin da yake kan ganiyarsa ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Houston a 1994 da 1995, takalmin Spalding na wajen dala 35 ya sa wa sunansa, da gangan, don iyaye marasa ƙarfi su iya saya wa 'ya'yansu.

Wanki kuma kar ka jiƙa shi a bokiti ya kwana, kar ka sa bilic, yana mayar da farar roba rawaya ya cinye zare. Tsohon buroshin haƙori, ɗan sabulu, ruwa kaɗan. Cire igiya da shimfiɗa ka wanke su daban, ka cusa tsohuwar jarida a ciki ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a kan kwano da tsakar rana ba, kuma kar ka bar shi a but ɗin mota, zafin nan ke narkar da gam. In ya ɗan buɗe baki kar ka ɗura masa sufa gulu, yana ƙona wurin ya sandare ya tsage, kai wa mai gyara ya sa gam ɗinsu na takalmi ya bi da zare. In da hali kar ka sa shi kullum-kullum, ba shi hutun kwana ɗaya gumin ciki ya bushe, ko da silifas za ka yi ranar.

Cikin huɗun da ka lissafo, da kuɗina ne, gajeren Air Force 1 zan ɗauka in ƙafarka mai faɗi ce kuma nauyi bai dame ka ba, in siririya ce gajeren Jordan 1 ko Dunk ka canza masa shimfiɗa. Air Force ɗin nan ma Nike sun taɓa daina yin sa a 1984, 'yan kasuwa irina na garin Baltimore ne suka matsa musu lamba sai da aka dawo da shi don kwastomominsu sun ƙi haƙura. Abu ɗaya dai, in abokai suka ja ka fili kar ka ce ai takalmin ƙwallo ne ka shiga da shi, simintin filayenmu zai cinye maka ƙasan a wata ɗaya, gwiwarka ma ba za ta gode maka ba. Turo min sayiz ɗinka, ka taka farar takarda ka zagaye ƙafar da biro ka ɗauko hoton, in na shiga kasuwa ranar Asabar zan duba maka.